Saura mako shida a yi mini aikin rage tumbi: ta ina zan fara barin sukari?

Maman Fadila, Rikkos

Assalamu alaikum jama'a. An sa mini ranar aikin rage tumbi a Abuja, saura mako shida. Likita ya ce ko dai ya yanke tumbin ya bar shi siriri, ko ya yi wanda ake karkatar da hanyar abinci, saboda ƙwannafin da nake fama da shi. Sai ya ga sakamakon hoton ciki zai tsayar da magana. Nauyina kilo 128, ina da ciwon sukari shekara huɗu, ina shan metformin da glibenclamide.

An ba ni takarda an ce in daina sukari, amma ba a nuna mini ta inda zan kama ba. Ga yadda nake sha: shayi safe da dare, kowanne da sukari ƙwaya uku da madarar gwangwani, lemon kwalba babba guda ɗaya da rana, kunun zaƙi kuwa kusan kullum. In sanyi ya shigo shayin yakan kai sau huɗu. In yanke gaba ɗaya tun yau ne, ko in bari sai bayan aikin, tunda an ce shi kansa aikin yana cire kwaɗayi? Zuma da dabino da mazarƙwaila fa, za su iya maye gurbinsa? Kuma me yake faruwa da mutum idan ya sha zaƙi bayan aikin? Masu sani ku taimaka, Allah ya saka da alheri.

Sista Rifkatu

Maman Fadila, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a yi a sa'a. Don Allah kada ki jira sai bayan aikin. Gaskiya ne yunwa tana raguwa sosai a watannin farko, wasu ma zaƙi yakan gundure su na ɗan lokaci, amma sabo yana nan inda aka bar shi. Hannun da ya saba jefa ƙwaya uku a kofi da asuba zai nemi kwalin sukari ko da tumbin ya koma siririn ayaba. Sannan makon farko bayan aiki ba lokacin kokawa da kwaɗayi ba ne: ga ciwon ɗinki, ga ruwa ana kurɓarsa cokali-cokali. Idan ciwon kan barin sukari ya haɗu da wannan, ke da masu jinyarki ba za ku iya bambance shi da ciwon kan ƙarancin ruwa a jiki ba, alhali na biyun ne yake mayar da mutane gadon asibiti.

Mu fara da lissafin abin da kika faɗa. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali kusan giram 5 ce, shida a rana giram 30 ke nan. Coca-Cola tana da giram 10.6 a kowace mililita 100, don haka robar rabin lita tana ɗauke da giram 53, wato cokalin shayi 13. An kai 83 tun ba a taɓa kunu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ya fi. Ki kuma duba madarar gwangwaninki: ta ruwa-ruwa ba a sa mata sukari, amma mai kauri mai danƙo fiye da rabinta sukari ne.

Ainihin lokacin da kike da shi mako huɗu ne, domin mako biyun ƙarshe na abincin rage hanta ne, wato abincin da ake sa mutum a kai don hantarsa ta motse kafin aiki. Lemon kwalba da maltina da ruwan 'ya'yan itace na kwali, waɗannan a yanke su lokaci guda a makon farko, ba a yi musu sannu-sannu. Dalili shi ne duk abin sha mai gas zai fita daga rayuwarki bayan aikin, har wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa, saboda iskar tana cika ɗan tumbin ta sa ciwo. Shayi kuwa a bi shi a hankali: ki janye ƙwaya ɗaya duk bayan kwana huɗu, cikin kwana goma sha biyu kin kai ga shan sa haka nan. Ki sa citta da kanumfari da kirfa ko na'a-na'a, ƙamshin yana rufe gurbin zaƙin sosai. Daga kwana na biyu zuwa na biyar ki sa ran ciwon kai da kasala da saurin fushi. Ba wata cuta ba ce, kuma wani ɓangarensa ma na rashin sinadarin da ke hana barci ne da ke cikin kola da ganyen shayi. Mako na uku kunun zaƙi da zoɓo mai sukari su tafi. Na huɗu cincin, biskit, fanke, burodi. A wannan makon ne kuma za ki fara koyon raba ruwa da abinci: a daina sha rabin awa kafin ci, kada a koma sai rabin awa bayan an gama, kowace loma a tauna ta sau ashirin ko fiye.

Maganar hanta kada ki ɗauke ta da wasa. Ɓangaren hagu na hanta yana kwance a kan saman tumbi, likita kuma ta 'yan ƙananan ɓuloli zai shiga da kyamara, dole ya ɗaga hantar kafin ya ga wurin aikinsa. Hanta tana ajiye sukari, kowane giram da ta ajiye yana riƙe ruwa kusan giram uku, ga kitse a kai. Abincin mako biyun nan, wanda yawanci bai wuce kalori 800 zuwa 1000 a rana ba, shi ne yake zuƙe wannan ajiya hantar ta motse ta yi laushi. Cin biki guda ɗaya da lemo kwana biyu kafin aiki yana iya sake cika ta. In likita ya shiga ya tarar da ita ƙatuwa tana iya fashewa da jini in an taɓa, wani lokaci dole ya fasa aikin.

Sai tambayarki ta ƙarshe. A ƙasan tumbi akwai wata ƙofa ta tsoka da take sakin abinci cikin ƙaramin hanji kaɗan-kaɗan. A aikin karkatar da hanya, wanda likitoci ke kira baifas, 'yar jaka ake bari da ba ta fi ƙwai ba, kimanin mililita 30, a haɗa ta kai tsaye da hanji, ƙofar nan an tsallake ta. A ɗayan, silib, ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin, ƙofar tana nan, amma siririn bututun da ya rage yana tura abinci da sauri fiye da da. Shi ya sa matsalar da zaƙi ke jawowa ta fi yawa a baifas, amma mai silib ma bai tsira ba. A asibiti za ki ji suna ce mata dampin.

Iri biyu ce. Ta farko: abu mai zaƙi ya zubo hanji a dunƙule, hanjin sai ya jawo ruwa daga cikin jini don ya tsinka shi. Minti 10 zuwa 30 bayan sha ciki ya kumbura ya hau murɗa, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, gumi ya karyo ko da cikin sanyin Disamba ne, ga jiri ga tashin zuciya, sau da yawa gudawa ta biyo baya. A kwanta kawai, yawanci yana lafawa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma ba a ƙara masa zaƙi. Ta biyu ta fi haɗari domin tana zuwa ne bayan an manta da abin da aka ci, awa 1 zuwa 3. Sukarin ya shiga jini da gudu, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin jinin ya faɗi ƙasa warwas: kyarma, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, gani biyu-biyu, rikicewar magana, har suma. Ita wannan takan fara bayyana ne bayan watanni, wani lokaci sai an shekara.

Baban Yusra

Hajiya, tsarin Sista ya yi daidai, amma akwai mataki ɗaya da ya kamata ya riga makon farkon, saboda magungunan da kika ambata. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukarin jini ba. Glibenclamide kuwa tilasta wa jiki yake ya fitar da insulin, ko kin ci ko ba ki ci ba. Idan kika janye fiye da giram 100 na sukari a rana alhali ƙwayar tana nan yadda take, to faɗuwar sukari za ta same ki tun kafin ki ga ɗakin tiyata, musamman a mako biyun rage hanta. Kada ki daina shi da kanki, amma ki ga likitan da ke duba ciwon sukarinki a wannan makon, ki faɗa masa ranar da za ki fara, ya rage ko ya canza.

Ki mallaki na'urar gwajin sukari da isassun tsinken gwaji. A gwada da safe kafin karin kumallo, kafin abincin rana, kafin barci, da duk lokacin da kika ji kyarma, ki riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata. Wasu na'urori suna nuna adadi irin su 110, wasu irin su 6.1. A na farko ƙasa da 70 faɗuwa ce, a na biyu ƙasa da 3.9. In hakan ta faru, ƙwayar sukari uku a narkar a ruwa kaɗan, giram 15 ke nan, a jira minti 15 a sake gwadawa. In bai haura ba a maimaita. Da ya haura sai a bi shi da dafaffen ƙwai ko awara ko 'yar gyaɗa don ya tsaya. Inda ake kuskure shi ne a tsorata a ɗura wa mutum kwalbar maltina guda: ga wanda aka yi wa aiki wannan sake tayar da insulin ne, bayan awa biyu ya sake faɗuwa. Don haka ki ƙulle ƙwaya uku a leda ki ajiye a jakarki, wasu ukun a gefen gado, ki nuna wa maigida da manyan yara inda suke. In mutum ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Wanda faɗuwar ta yawaita masa bayan aiki likita yakan sa shi a kan acarbose, kuma mai shan wannan da gulukos ake ɗaga sukarinsa, domin maganin yana hana sukarin kwali narkewa da wuri.

Ga wasu da za su karanta: duk maganin sukarin da sunansa ya ƙare da gliflozin ana tsayar da shi aƙalla kwana uku kafin tiyata, kuma likita ya san da shi tun kafin a fara abincin rage hanta, domin yana iya sa jini ya yi tsami ko da gwaji yana nuna sukari daidai. Ƙwayar da aka rubuta XR ko SR a kwalinta, wato mai sakin magani a hankali, ba a daka ta, sai dai a canza ta. Ibuprofen da diclofenac da danginsu a rabu da su bayan aikin, suna haifar da olsa a bakin ɗinki.

Sukari yana ɓuya a kantin magani ma. Maganin tari na ruwa, maganin ƙarin jini mai zaƙi, bitamin si na tsotsa, yawancinsu a cikin ruwan sukari aka haɗa su, sai ki ce a ba ki marar sukari. Garin gulukos da ake kaɗa wa mara lafiya don ya sami ƙarfi, ga ke ba abin sha ba ne sai na'ura ta nuna faɗuwa. Amma ruwan gishiri da sukari na leda daban yake: giram 13.5 ne kacal a lita guda, in gudawa ta kama ki kurɓe shi a hankali ba tare da fargaba ba.

Abu ɗaya da nake so ki rubuta ki riƙe. In amai ya ƙi tsayawa kwanaki bayan aiki, kika je wani asibitin da ba su san tarihinki ba, ki faɗa musu an yi miki aikin rage tumbi, su ba ki bitamin B1 kafin su ɗaura ƙarin ruwa mai gulukos. Ajiyar wannan bitamin a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku ba, kuma gulukos a kan ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Bugun zuciya sama da 120 a minti wanda ya ƙi sauka, da zazzaɓi, da ciwon kafaɗar hagu a kwanakin farko kuwa ba dampin ba ne, alamar ɗinki yana yoyo ce, ba a kwana da ita a gida.

Hajiya Uwani, Anguwar Rogo

'Yar'uwa, ni ta ɓangaren kicin zan zo miki. Zuma da dabino da mazarƙwaila ba za su maye gurbin komai ba, domin hanji ba ya tambayar daga ina zaƙin ya fito. Zuma kashi 80 cikin 100 sukari ce, babban cokali ɗaya giram 17, ya fi ƙwaya ukun da kike sa wa shayi. Dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, garinsa da ake tallata wa masu ciwon sukari ma haka. Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare. Albarkar zuma da dabino ba abin musu ba ce, amma ga mai sabon ɗinki a tumbi yawan ne abin dubawa.

Abin da ya fi yaudarar mutanenmu kunu ne. Za ki ji an ce a dama mata kunun zaƙi ba sukari. To zaƙinsa ba daga sukarin kanti kaɗai yake ba: dankalin Hausa ko tsiron hatsin da ake haɗawa a ƙullun shi ne yake narkar da sitacin ya mayar da shi sukari tun yana cikin roba. Koko da kamu ma an tace dusar an zubar, tsurar sitaci ya rage, ga shi ruwa-ruwa, yana wucewa ta ɗan tumbin kamar ba a yi aiki ba. Kunun aya da dabino ake niƙa shi. Furar da ake damawa a kasuwa da sukari take zuwa, nonon kuma ba a da tabbacin tsabtarsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗinki a ciki. Ta wannan ƙofar ce ƙiba take dawowa bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu. Tuwo da nama ba sa shiga da yawa, amma kunu da shayi mai madara da biskit ɗin da aka jiƙa a ciki suna zamewa su wuce, ba ƙoshi, mutum yana ta kurɓa daga safe har dare.

To me za a sha? Mako biyun farko ruwa-ruwa ne zalla: romon kaza ko na kifi, a tace, a bar shi ya huce a kwashe man da ya taru a sama, ba barkono ba yaji. Madara marar kitse, madarar waken suya da aka dafa sosai, kindirmon da kika haɗa da hannunki ba sukari. Wasu madarar shanu takan fara ɓata musu ciki bayan aikin, in haka ta faru kindirmo ya fi sauƙi. Mako na uku da na huɗu niƙaƙƙen abu mai laushi kamar na yaron da ake yaye: alala mai ruwa-ruwa, ƙwai mai laushi, awara dafaffiya ba soyayya ba, kifi a cire ƙaya a dagargaza a cikin miyar kuka ko kuɓewa. Kowane zama bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin tumatir ba, a ci shi cikin minti ashirin zuwa talatin da ƙaramin cokali. Daga mako na biyar ake shiga abinci mai taushi. Idan takardar asibitinki ta bambanta da wannan a yawan kwanaki, ita za ki bi.

Abin da ake nema a rana furotin ne, wato sinadarin gina jiki, giram 60 zuwa 80, da ruwa lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara 8, kifi kamar tafin hannu kusan 20. A fara da shi a kowane ci, ganye ya biyo, sitaci a ƙarshe in da sauran wuri. Wanda ya cika wannan adadi kwaɗayin zaƙinsa yana raguwa da kansa, domin yawancin kwaɗayin la'asar yunwa ce ko ƙishirwa. A sanyin Jos mutum ba ya jin ƙishi, sai ki zuba ruwan ɗumi a fulas ki ajiye kusa, kurɓi ɗaya duk bayan 'yan mintoci. Acca da muke alfahari da ita ta fi farar shinkafa, amma hatsi ce ita ma. In lokacinta ya yi, cokali biyu ko uku na gwate mai yawan ganye bayan kin ci kifinki.

'Ya'yan itace a ci su, kada a matse. A kowane giram 100, sitiroberin da ke fitowa lokacin sanyi yana da sukari kusan 5, kankana 6, gwanda 8, ayaba 12, mangwaro 14, fiya kuwa ba ta kai 1 ba. Duk za ki same su a Farin Gada ko Taminus. Yanka biyu bayan abinci ya isa. Lemon zaƙi a yi hankali da ɓawon cikinsa, yana maƙalewa.

Kayan kanti kuma ki juya bayan gwangwani ki nemi layin sukari a giram 100. Na ci, 5 ko ƙasa da haka ya yi. Na sha, 2.5 a mililita 100. Iyakar da aka fi bayarwa ita ce kada a kai giram 10 a zama ɗaya. A jerin kayan haɗi, in kika ga sucrose, glucose, fructose, maltose ko syrup, sukari ne ya canza suna, in kuma yana cikin ukun farko a mayar da kayan. Milo da Bournvita da yogot ɗin roba mai ɗanɗano duk suna nan.

Sai masu zuwa dubiya. Kin san halinmu, ba mai shigowa hannu rabbana: katan ɗin maltina, Lucozade, Five Alive, kuma sai an buɗe an miƙo an ce daure ki kurɓa. Ki sa mutum ɗaya mai faɗa a ji, ko yayarki ko surukarki, ta riƙa karɓar kaya tun daga ƙofa tana godiya tana wucewa da su wani ɗakin. Wanda ya tambayi me zai kawo, a ce ƙwai ko kifi ko kaza. Kwalin sukarin gida ma a ɗauke shi daga kan tire a kai ma'ajiya tun wannan makon.

Maman Fadila, Rikkos

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Malam Baban Yusra, gobe zan koma wurin likitan sukarin kafin in fara komai. Sauran tambaya biyu. Ɗan ƙwayar zaƙin nan na masu ciwon sukari, zan iya sa shi a shayi? Sannan azumi zai zo ban cika shekara da aikin ba, yaya zan yi da shi, da kuma buɗe baki da dabino?

Sista Rifkatu

Za ki iya, amma ki karanta sunan. Stevia da sucralose ba sa jawo dampin, ba sa kuma ɗaga sukarin jini. Waɗanda suka ƙare da ol, irin su sorbitol da maltitol da xylitol, da ake sa wa alewa da cingam da cakulan marasa sukari, hanji ba ya tsotse su duka, suna jawo ruwa su kawo kumburi da gudawa mai kama da dampin ɗin. Shawarata ki yi amfani da shi a kwanakin da kike janye ƙwayoyin shayi, sannan shi ma ki rage shi. Muddin harshe yana samun zaƙi mai ƙarfi kullum, ba zai ji zaƙin madara ko na gwanda ba, alhali in aka bar shi mako uku zuwa huɗu yana sabawa.

Azumi kuwa, yawancin likitocin wannan aiki suna hana shi a shekarar farko, kuma dalilin lissafi ne. Tumbin da ke ɗaukar rabin kofi ba zai iya karɓar ruwa lita ɗaya da rabi da furotin giram 60 tsakanin magariba da asuba ba, ga shi ba a haɗa ci da sha, ga barci. Ki kai maganar gaban likitanki da malaminki tare. Rangwamen mara lafiya yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, Hajiya Uwani da Malam sun fi ni sanin bayaninsa.

In shekara ta zagayo aka ba ki izini, lokacin buɗe baki ne ya fi haɗari, domin ciki fayau yake, kuma abin da ke kan tabarma dabino ne da kunun tsamiya da zoɓo da kankana. Ki buɗe da ruwa, kurɓi-kurɓi na minti goma sha biyar. Ki yi salla, ki huta, sannan ƙwai ko alala. Ƙaramin busasshen dabino guda ɗaya, kusan giram 5 na sukari, a ci shi tare da wannan abincin, yawancin mutane suna ɗaukarsa lafiya. Uku ko bakwai a cikin da babu komai, a kora da kunu, shi ne yake kwantar da mutum kafin isha'i. Da sahur kada a sha koko ko shayi mai zaƙi, faɗuwar sukarin za ta zo ne da hantsi lokacin da ba halin gyarawa sai an karya. Ƙwai da wake da kindirmo sun fi riƙe ciki. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 da rana, a karya nan take.

Ranar dawowa daga Abuja ki cika fulas biyu, ɗaya ruwa ɗaya tataccen romo, domin abin da ake miƙowa ta taga a Keffi da Akwanga lemo ne da ayaba da rake. Ki sa direba ya riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya ki sauka ki taka na minti biyar saboda daskarewar jini a ƙafa, na'urar gwajin da ƙwaya ukun nan kuma su kasance a jakar hannunki, ba a but ba.